Audugar Bt da Masaƙun da Suka Yi Shiru

 

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya yi aiki a wata masaƙa a Sharaɗa har ranar da aka garƙame ƙofarta. Shi ya sa da na ji a shekarar 2018 an amince a noma audugar Bt a Nijeriya, wato wadda aka sauya wa ƙwayar halitta don ta kashe tsutsar da ke cinta, aka kuma ce za ta farfaɗo da masaƙu, sai na kasa kunne.

Maganar tana da asali. Nijeriya ta tabbatar da yarjejeniyar Cartagena a 2003, amma sai a 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar da ta kafa hukumar NBMA mai ba da izinin irin waɗannan tsirrai. Bayan auduga, waken SAMPEA 20-T ya fito daga cibiyar IAR ta Samaru, Zariya, a 2019, sai masarar TELA a 2024, shekarar da Majalisar Wakilai ta nemi a dakata a yi bincike.

Ni dai ban gamsu da alƙawarin ba. Tsutsa ba ta rufe masaƙun Bompai da Sharaɗa da Chalawa ba; rashin wuta da atamfar fasa-ƙwauri ne suka rufe su. Burkina Faso ma ta noma audugar Bt daga 2008, ta janye a 2016 saboda zarenta ya gajarce, darajarta ta faɗi.

Wasunmu kan kafa hujja da aya ta 119 ta Suratun Nisa'i su ce wannan sauya halittar Allah ne. Amma Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, a zamanta na Makka a 1998, ta halatta shi a harkar noma da kiwo bisa sharaɗin kauce wa cutarwa, ta kuma nemi masana'antu su bayyana wa jama'a abin da kayansu suka ƙunsa.

Wannan bayyanawar ce ta fi damuna. Auduga ba ta ƙarewa a zare. Anguryarta ana matse mai daga cikinta, tunkuzar a ba shanu. Idan man ya bar masana'anta a jarka, ya iso Kasuwar Singa, ya gangara hannun mai awo a kwalba, wace takarda ce ta rage da uwar gida za ta karanta kafin ta zuba a miya?