Bukukuwan Hunturu a Ƙasashen Yamma: Asalinsu, Ma'anarsu da Abin da Ya Rage Daga Cikinta

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da sauran 'yan'uwansa annabawa.

Bayan haka, duk ƙarshen shekarar Miladiyya biranen Turai da Amurka sukan cika da fitilu masu launi, da itatuwan da aka ƙawata, da hoton wani dattijo mai farin gemu da jar riga. Mai kallo daga nesa zai zaci addini ne ya yi ƙarfi a can, alhali masu zuwa coci raguwa suke yi. Wannan maƙala ta tattaro asalin al'adun Kirsimeti, wanda a ƙasashe masu amfani da Faransanci ake kira Nowel, da ma'anarsu a wurin Kirista, da yadda ma'anar ta yi ta gushewa al'adar ta saura.

Ranar 25 ga Disamba

Cikin littattafan Linjila huɗu da ke hannun Kirista, na Matta da na Luka ne kaɗai suka kawo labarin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma babu wanda ya ambaci rana ko wata. A ƙarnonin farko babban idin Kirista shi ne Ista. Shaida mafi daɗewa a kan bikin 25 ga Disamba ita ce wata kalandar birnin Rum ta shekarar 354, wadda ke nuna ana yin sa a can tun shekarar 336.

Masana tarihi suna da bayani biyu a kan zaɓen wannan rana. Na farko, lokacin ya dace da dare mafi tsawo a shekara a arewacin duniya, inda Rumawa suke da bukukuwansu na gargajiya, kamar Saturnaliya da ake farawa 17 ga Disamba, da bikin abin bautarsu na rana. Na biyu, malaman coci sun ƙiyasta cewa an ɗauki cikin Isa (AS) ranar 25 ga Maris, sai suka ƙirga wata tara. Har yau Kirista ba su haɗu a kan rana ɗaya ba: Kibɗawan Masar da cocin Habasha da na Rasha suna yin bikin 7 ga Janairu saboda bin tsohuwar kalanda, cocin Armeniya kuwa 6 ga Janairu.

Al'adun da ma'anarsu ta asali

*Makonnin jira.* Lahadi huɗu kafin bikin lokaci ne na shiri, wanda a da ya ƙunshi azumi da tuba. Cocin gabas sun riƙe wannan: mabiya Otodoks suna ƙaurace wa nama na kwana 40 daga 15 ga Nuwamba, Kibɗawa kuma kwana 43. A Yammacin Turai waɗannan makonni sun zama lokacin cin kasuwa da liyafar ofisoshi.

*Itacen Kirsimeti.* Ya fito ne daga yankunan da ke magana da Jamusanci a ƙarni na 16. Ana danganta shi da itacen Aljanna da ake kafawa a wasannin coci ranar 24 ga Disamba, ranar tunawa da Adamu da Hauwa'u. Rashin zubar da ganyensa a tsakiyar sanyi ya sa aka ɗauke shi alamar rayuwa mai ɗorewa. Ya bazu a Ingila bayan wata jarida ta buga zanen Sarauniya Biktoriya da mijinta Albat da 'ya'yansu a gefen itacen a shekarar 1848.

*Fitilu da kyandir.* Suna nuni ne ga aƙidar Kirista cewa Isa (AS) haske ne da ya shigo duniya cikin duhu.

*Siffar wurin haihuwa.* Ita ce 'yan gumaka na jariri a komin dabbobi, da mahaifiyarsa, da makiyaya. Ana jingina yaɗuwarta ga Faransis na Asisi, wanda ya shirya irinta a ƙauyen Girecciyo na Italiya a shekarar 1223 don koyar da talakawan da ba su iya karatu ba.

*Kyaututtuka da dattijo mai jar riga.* Linjilar Matta ta ce wasu masana daga gabas sun kai wa jaririn zinariya da lubban da mur. Dattijon kuwa asalinsa Nikolas ne, limamin cocin Mira a ƙarni na 4, garin da ke kudancin Turkiyya ta yau, wanda ya shahara da yi wa matalauta kyauta a ɓoye. Sunansa a bakin mutanen Holan, Sintakilas, shi ya koma Santa Kilos a Amurka. Tallace-tallacen kamfanin Coca-Cola daga shekarar 1931 sun taimaka wajen kafa siffarsa da duniya ta sani yau.

Abin da alƙaluma suka nuna

Ƙidayar Ingila da Wels misali ce bayyananniya. A shekarar 2001 kusan kashi 72 cikin ɗari suka ce su Kirista ne. A 2011 suka koma kashi 59.3, a 2021 kuma kashi 46.2, karo na farko da suka gaza rabi. Waɗanda suka ce ba su da addini sun kai kashi 37.2 a 2021, Musulmi kuwa kashi 6.5, wato kimanin mutum miliyan 3.9. Duk da haka ranar Kirsimeti ita ce ranar da ƙasar take tsayawa cak.

A Amurka, binciken cibiyar Pew na shekarar 2017 ya gano cewa mutum tara cikin goma suna bikin, amma kashi 46 ne kawai suka ce suna yin sa a matsayin idin addini, alhali a 2013 kashi 51 ne. Japan ta fi kowa nuna inda abin yake kaiwa: Kiristocinta ba su wuce kimanin kashi ɗaya cikin ɗari ba, amma tun daga wani tallan KFC na shekarar 1974 cin soyayyar kaza a daren Kirsimeti ya zama al'ada a can.

Ja-in-ja a kan ma'anar bikin

Masu riƙo da addini cikin Kirista sun daɗe suna kokawa. A shekarar 1647 majalisar dokokin Ingila, a hannun 'yan tsarkake addini da ake kira Furitan, ta soke bikin saboda ba shi da tushe a littafinsu kuma ya cika da shaye-shaye. Sai a 1660 ya dawo. A Sukotlan ranar ba ta zama hutun hukuma ba sai a 1958. A watan Disamba na 1951, a birnin Dijon na Faransa, an ƙona mutum-mutumin dattijo mai jar riga a gaban babban coci da amincewar malaman cocin, bisa zargin ya ƙwace wurin Isa (AS) a zukatan yara.

Ta ɗaya ɓangaren akwai hukumomin da ke bin ilmaniyya, wato tsarin raba addini da mulki. Tarayyar Sobiyet ta hana bikin, sannan a 1935 ta dawo da itacen ta mayar da shi na sabuwar shekara, ba tare da ambaton addini ba. A Faransa dokar 1905 ta hana kafa alamun addini a gine-ginen hukuma. Da aka yi ta ƙara a kan siffar wurin haihuwa da wasu ƙananan hukumomi ke kafawa, babbar kotun harkokin mulki ta yanke hukunci ranar 9 ga Nuwamba 2016 cewa ana iya barinta na ɗan lokaci idan ta zo a matsayin al'ada ko fasaha ko shagali, muddin ba ta nuna fifita wani addini ba. Ma'ana, alamar tana samun izinin zama ne gwargwadon yadda aka cire mata ma'anarta ta addini.

Matsayin Musulmi

Musulmi ya yi imani da Annabi Isa (AS) a matsayin bawan Allah kuma manzonSa, wanda Nana Maryamu ta haifa ba tare da uba ba. Suratu Maryam ta kawo labarin haihuwar a gindin dabino, ba ta ambaci rana ba. Aƙidar cewa Isa ɗan Allah ne, wadda bikin ya ginu a kanta a wurin Kirista, Alƙur'ani ya kore ta a fili. Saboda haka malamai sun haɗu a kan cewa Musulmi ba ya shiga ibadun wannan biki. Abu Dawuda da Nasa'i sun ruwaito daga Anas (RA) cewa Annabi (SAW) ya iske mutanen Madina da ranaku biyu na wasa, ya shaida musu Allah ya musanya musu da waɗanda suka fi su, Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah.

Inda aka yi saɓani shi ne taya murna da baki. Ibnul Ƙayyim da waɗanda suka bi shi sun hana. Hukumar fatawa ta Masar da Majalisar Fatawa ta Turai sun halatta ga maƙwabci da abokin aiki, matuƙar kalmomin ba su ƙunshi yarda da aƙidar ba, suna kafa hujja da aya ta 8 ta Suratul Mumtahana a kan kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu ba. Mas'alar ta shafe mu kai tsaye, domin 25 ga Disamba ranar hutu ce a Nijar da Ghana da Kamaru da Chadi da Najeriya, kuma muna zaune da maƙwabta Kirista, da yawansu ma suna raya ranar da ibada fiye da Turawan da suka kawo musu ita. Kowane ra'ayi mutum ya bi, haƙƙin maƙwabtaka da kyakkyawar mu'amala suna nan daram.

Abin lura

Tarihin nan ya nuna cewa idi ba ya mutuwa don mutane sun bar addini. Abinci da ado da ziyara da ciniki sukan saura, azumi da tuba da salla su ne suke fara tafiya. Wannan hanya ba ta keɓanta da Kirista ba. Idan ɗinkin Sallah ya fi fitar da zakkar fidda-kai damun magidanci, idan ragon layya ya zama abin gasa da cin bashi, idan yaro ya san goron Sallah bai san ƙissar Annabi Ibrahim (AS) ba, to mun kama hanyar da wasu suka riga mu bi. Maganin shi ne a koya wa yara dalilin kowace al'ada tare da al'adar, a kuma gabatar da ibadar ranar a kan shagalinta.

Allah Ya sa mu dace, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Wallahu a'alam.