Kalmar "different" da tarihin masu nahawun Turanci

Duk malamin Turanci ya san ja-in-jar da ake yi a kan kalmar "different", mai nufin abin da ya bambanta da wani. Tushenta kalmar Latin ce, "differre", wato a ɗauke abu a ware shi gefe. Ta biyo ta Faransanci ta shiga Turanci a ƙarshen ƙarni na 14. Ba a jayayya a kan ma'anarta. Rigimar tana kan abin da zai biyo bayanta: "from", "to" ko "than".

Magabatanmu a wannan fanni, tun zamanin nahawun Robert Lowth na 1762, da tunaninsu suke yanke hukunci, ba da bin diddigin maganar mutane ba. Hujjar masu hana "to" da "than" ita ce, tun da ana cewa "differ from", wajibi ne a ce "different from". Da wannan ƙa'ida aka reni malamai tsara bayan tsara, har ta iso azuzuwanmu.

Ƙamusun Oxford ne ya fara sauya tafiyar. James Murray, wanda ya karɓi ragamar aikin a 1879, ya dogara da miliyoyin 'yan takardu daga masu sa kai, kowace ɗauke da jimla da shekarar da aka rubuta ta. Da aka jera su, sai ga manyan marubuta irin su Addison da Defoe sun yi amfani da "different than". A 1926 masanin nahawu H. W. Fowler ya kira haramta "different to" camfi. Ya nuna ana cewa "accord with" amma kuma "according to", ba wanda ya taɓa kuka.

Kwamfuta ce ta ƙarasa aikin. Jami'ar Brown ta Amurka ta tattara kalmomi miliyan 1 daga rubuce-rubucen 1961, daga baya Birtaniya ta tara miliyan 100. Irin waɗannan rumbuna sun tabbatar "from" ce kan gaba a ko'ina, "to" ta fi yawa a bakin mutanen Birtaniya, "than" kuwa a Amurka, musamman idan cikakkiyar jimla za ta biyo.

Ina kira ga 'yan'uwana malamai, mu ci gaba da koyar da "different from", domin ita ce ba mai ƙi a jarrabawa ko wasiƙar ofis. Amma mu faɗa wa ɗalibi dalili, kada mu kira sauran biyun jahilci. Hujja ce adon malami.