Waiwaye: Yadda Kwantan Masara a Kentucky Ya Zama Kayan Rububi

Da zarar kaka ta kama a Amurka, daga Satumba har zuwa Kirsimeti, zancen masu sha'awar barasar bourbon guda ne: wace matata ce ta fitar da 'yan kwalabenta na shekara, nawa aka kasa wa kowace jiha, wa ƙuri'a ta faɗa wa. Akwai masu kwana a layi a ƙofar kanti saboda kwalba ɗaya, wadda kamfani ya yanka wa farashin 'yan ɗaruruwan daloli, amma kafin mako ya zagayo ta kai dubbai a kasuwar bayan fage. Mafi yawanmu ba mashaya ba ne, addini ya raba mu da ita, kuma ba talla ce ta kawo mu ba. Abin da ya ja hankalinmu shi ne tarihin wata sana'a ta manoma da maƙeran tagulla da masu haɗa ganga, wadda sau biyu kwantai ne ya zame mata jari.

Mu koma ƙarshen ƙarni na 18, lokacin da baƙi 'yan asalin Scotland da Ireland da Jamus suka riƙa ƙetare duwatsun Appalachia suna sauka a ƙasar da 'yan asalin wurin, irin su Shawnee da Cherokee, ke farauta a cikinta. Kentucky a sa'annan yanki ce ta Virginia, sai a 1792 ta zama jiha. Hatsin da baƙin suka saba dafa barasa da shi a gida bai kai masara karɓar wannan ƙasa ba. Masara kuwa ta yi yabanya har ta fi ƙarfin ci, ga shi babu hanyar mota balle ta jirgin ƙasa da za a kai ta kasuwannin gabas. Manomi ya duba ya ga buhunan da za su ruɓe masa a rumbu suna iya komawa 'yan tuluna idan ya jiƙa, ya tsima, ya turara a tukunyar tagulla, kuma abin da ya fito ba ya lalacewa. Da shi ake biyan lada, da shi ake sayen gishiri da ƙusa a inda tsabar kuɗi ke wuya. Ruwan yankin ma ya taimaka, domin yana ratsowa ta irin dutsen nan da ake yin siminti da shi, wanda ke tace baƙin ƙarfen da kan ɓata barasa. Shi ya sa da sakataren baitulmali Alexander Hamilton ya ɗora wa barasa haraji a 1791, manoman bakin iyaka suka ɗauke shi tamkar haraji a kan kuɗin aljihunsu. A yammacin Pennsylvania abin ya kai ga bore, har shugaba George Washington ya tara dakaru kusan 13,000 a 1794. A 1802, zamanin Thomas Jefferson, aka soke harajin.

Sunan kuwa daga Faransa ya samo tushe. A 1785 aka yanki wata ƙatuwar gunduma aka raɗa mata Bourbon, sunan gidan sarautar Faransa, don godiya kan taimakon da suka bayar a yaƙin neman 'yanci daga Ingila. Daga tashoshin kogin Ohio ake loda ganguna a kan faffaɗan jiragen katako, su bi Mississippi har New Orleans. A hankali masu sayarwa suka lura cewa barasar da ta shiga ganga fara fat kamar ruwa takan fito ja, ta yi laushi, musamman idan an babbake cikin gangar. Labarin baka yana jingina wannan dabara ga wani mai wa'azin coci, Elijah Craig, sai dai masana tarihi ba su sami takardar da ta tabbatar ba. Abin da ya tabbata shi ne aikin da itacen oak ke yi. Zafin bazarar Kentucky yana tura barasar cikin katako, sanyin hunturu ya janyo ta, shekara bayan shekara, tana kwaso launi da zaƙin da wuta ta fitar daga itacen. Duk jan da ke cikin kwalbar bourbon daga nan yake, doka ba ta yarda a ƙara launi ba. Kuma bai kamata mu wuce wannan zamani ba tare da tuna cewa Kentucky jihar bauta ce. Bayi baƙar fata ne suka noma masara mai yawa, suka hura wuta, suka mirgina ganguna, har akan yi hayar waɗanda suka ƙware a dafa barasa daga iyayengijinsu. Sunayen mafi yawansu ba su hau kan kwalba ba.

Wanda ya mayar da sana'ar daga kintace zuwa awo shi ne James Crow, ɗan Scotland mai ilimin likitanci, wanda ya yi aiki a matatar Oscar Pepper, inda Woodford Reserve take a yau. Ya shigo da ma'aunin zafi da na sukari, ya dage a kan tsabta, ya kuma daidaita al'adar ɗebo ragowar tsohuwar dahuwa a zuba a sabon kwaɓi, kusan yadda mai nono ke barin ɗan tsoho ta zuba a sabuwar madara, sai dai a nan manufar ita ce daidaita tsami don kada kwaɓin ya lalace. Ya rasu a 1856, amma har gobe kusan kowace babbar matata a kan hanyarsa take.

Bayan yaƙin basasar Amurka sai 'yan algus suka cika kasuwa. A ganga ake sayar da barasa, mai mashaya ya ɗura wa mai saye, don haka babu mai sanin abin da aka yi a tsakani. Dillalai kan sayi tsurar barasa mai arha, su rina ta da ƙonannen sukari ko ruwan taba ko aidin, su kira ta tsohuwar bourbon. A 1870 George Garvin Brown, wanda ya taɓa tallan magunguna, ya fara sayar da Old Forester a rufaffiyar kwalba kaɗai, da sa hannunsa a jiki. Sannan Kanar E. H. Taylor da abokansa suka matsa wa gwamnatin tarayya har aka yi dokar 1897, wadda ta ce kwalbar da za ta ɗauki hatimin gwamnati dole ta fito daga matata ɗaya, dahuwar kaka ɗaya, ta shekara aƙalla huɗu a sito da ke ƙarƙashin kulawar hukuma, ƙarfinta kuma ya zama kashi 50 cikin ɗari. Wannan ya riga babbar dokar tsabtar abinci da magunguna ta 1906 da shekara tara. A 1909 shugaba William Howard Taft ya yanke hukunci a kan abin da ya cancanci a kira wiski. A ganinmu nan ne ainihin mararrabar tarihin. Duk tsadar da ake biya yau tana tsaye ne a kan yardar mai saye cewa shekarun da aka rubuta a jikin kwalba gaskiya ne, kuma a 1897 aka kafa wannan yarda.

Sai dai barasa ta yi ɓarna a gidajen Amurkawa, ɓarna ta gaske: albashi yana ƙarewa a mashaya, mata da yara suna shan duka da yunwa. Carry Nation, matar da ta shahara da farfasa mashaya da gatari, haifaffiyar Kentucky ce. A Janairun 1920 haramcin barasa ya fara aiki a faɗin ƙasar, bai kau ba sai ranar 5 ga Disamban 1933. Kamfanoni shida kacal aka bar wa lasisin sayar da wiski a matsayin magani, da takardar likita, kusan rabin lita ga mutum a kwana goma. Matatu da dama sun rufe har abada. Da aka ɗage dokar, James Beam yana da shekara kusan 70 ya sake gini a Clermont, 'yan'uwan Shapira suka kafa Heaven Hill a 1935, Julian Van Winkle, wanda ake kira Pappy, shi ma ya buɗe Stitzel-Weller a shekarar. A waɗannan shekaru ne aka wajabta sabuwar ganga ga kowace dahuwa, abin da ya sa har yau tsofaffin gangunan Kentucky ke tafiya Scotland ana tsima wiskinsu a ciki.

Shekarun 1950 da 1960 su ne na walwala. A Loretto, Bill Samuels ya sa alkama a cikin haɗinsa, matarsa Margie ta tsoma wuyan kwalba a jan kaki, Maker's Mark ta fito a 1958. A wannan shekarar kuma aka yi wata doka da ba kasafai ake ambatonta ba alhali ta sauya komai. A da, ganga na cika shekara takwas dole a biya mata haraji ko an sayar ko ba a sayar ba. Lewis Rosenstiel na kamfanin Schenley, wanda ya jibge ganguna lokacin yaƙin Koriya yana tsammanin za a yi ƙaranci, shi ya yi ta fafutika har aka mayar da wa'adin shekara 20. Don tsirar da dukiyarsa ya yi, amma shi ya buɗe ƙofar tsohuwar bourbon. Ranar 4 ga Mayun 1964 majalisar dokoki ta ayyana bourbon a matsayin hajar Amurka ta musamman: a cikin ƙasar za a yi ta, masara aƙalla kashi 51, sabuwar gangar oak babbakakkiya.

Ba a jima ba kasuwa ta juya baya. Matasan shekarun 1970 sun ɗauki jar barasa abin shan tsofaffi, suka koma wa vodka. Matatu sun riga sun cika sito da tsammanin ciniki zai ci gaba, sai ga ganguna jibge babu mai taya. A nan ne al'adar kyauta ta zame wa sana'ar sandar dogarawa. Kamfanin James Beam, wato Jim Beam, da wasu suka riƙa ɗura barasa a tulunan tangaran masu siffar mota ko tsuntsu ko jirgin ƙasa, mutane na saye don tulun, su kai wa uba ko maigida a Kirsimeti. Iyalan Van Winkle sun sayar da matatarsu a 1972, ɗan Pappy ya ci gaba da lallaɓawa da irin waɗannan tuluna, ita kuwa Stitzel-Weller ta daina dahuwa a 1992.

Ceto ya zo daga inda ba a zata ba, wato Japan, inda ake girmama tsohuwar wiski, ake kuma ba da ita kyauta. Don wannan kasuwa Elmer T. Lee ya fitar da Blanton's a 1984, kowace kwalba daga ganga ɗaya tak, da ɗan dokin sukuwa a kan murfi. Booker Noe, jikan James Beam, ya daɗe yana ɗebo wa abokansa kyautar ƙarshen shekara kai tsaye daga gangunan da ya fi so, ba sirki, kafin a 1988 a fara sayar da ita da sunan Booker's. Shi kuma Julian Van Winkle na uku, da ba shi da matata, ya riƙa sayen tsofaffin gangunan da masu su ke neman kai da su, yana ɗurawa a kwalba da hoton kakansa. A 1996 wata cibiyar ɗanɗano a Chicago ta ba kwalbarsa mai shekara 20 maki 99 cikin 100. Abin da ya kwana shekara ashirin don an rasa mai saye, shi ne ya wayi gari ana rububinsa.

Daga nan abubuwa suka yi ta bin juna. Ƙungiyar masu matatun Kentucky ta buɗe hanyar yawon buɗe ido a 1999, matatar Buffalo Trace ta soma fitar da jerin tsofaffin kwalabenta na kaka a 2000, Old Forester ta soma tata ta ranar haihuwar George Garvin Brown a 2002, shekarar da Van Winkle suka haɗa gwiwa da Buffalo Trace. Intanet ta ƙara wa wutar mai, aka buɗe zaurukan ciniki a Facebook, jihohi irin su Virginia da Pennsylvania suka koma raba kwalaben da ƙuri'a. A 2013 aka gano an sace katan-katan na barasar nan mai hoton Pappy daga matata, labarin ya zaga duniya. Abin takaici, algus ma ya dawo: ana sayen kwalaben da aka shanye a sake cika su a liƙe. Masu neman kyauta ga masoyin bourbon suka koma ga ƙananan kofuna masu tsukakken baki, ko murafan Blanton's takwas da ke haɗa harrufan sunan, ko tikitin ziyarar matata.

Ƙarancin da gaskiyarsa, domin kowace shekara ganga na asarar kashi uku zuwa biyar ta hanyar tururi, rabon mala'iku in ji masu sana'ar, kuma kwalba mai shekara 20 ta dogara ne da abin da aka dafa tun lokacin da babu ciniki. Amma ba za mu ɓoye ba, wani ƙarancin na 'yan talla ne, sabon tambari da ɗan akwati a kan barasa mai shekara huɗu.

Ana cikin haka wasu manyan sunaye suka shiga hannun baƙi: Kirin ta Japan ta sayi Four Roses a 2002, Campari ta Italiya ta sayi Wild Turkey a 2009, Suntory ta sayi Beam a 2014 a kan dala biliyan 16. Shekarun rububi sun sa kowa ya faɗaɗa, har gangunan da ke kwance a Kentucky suka ninka mutanen jihar fiye da sau biyu. Sai ga Tarayyar Turai ta ɗora wa wiskin Amurka harajin kashi 25 a 2018 kafin a dakatar, lardunan Kanada suka kwashe barasar Amurka daga kantuna a 2025, matasa kuma sun rage sha. A 2025 ɗin Brown-Forman, masu Old Forester, suka rufe masana'antarsu ta haɗa ganga a Louisville. Wanda ya bi tarihin nan ya san alamun: sito ya sake cika fiye da abin da kasuwa za ta iya ɗauka, kuma waɗanda suka fara ji a jikinsu su ne masu haɗa ganga da manoman masara.