Farin 1973 Da Bushiyar 1983: Tabon Da Suka Bari A Zukata

Jama'a, mu da iyayenmu suka baro Kano da Katsina da Haɗeja da Damagaram suka zauna a Fataskum, yawancin arzikinmu a bayan saniya yake. Wani dillali ne, wani mahauci, wani mai fataucin fata da ƙirgi. Don haka duk masifar da ta faɗa wa dabba, mu ma ta same mu.

Kakanninmu sun ba da labarin yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914. Farin 1972 zuwa 1974 kuwa dattawanmu sun gani da idonsu, lokacin nan muna cikin Jihar Arewa Maso Gabas. Gero ya bushe a gona, mutanen Nijar suka kwararo da ragowar dabbobinsu, shanu suka yi arha, hatsi ya yi tsada. Ba a gama farfaɗowa ba sai ciwon bushiya ya ɓarke a 1983, alhali an ɗauka rigakafin da aka soma a 1962 ya gama da shi. Ga kuma wani farin a 1984.

To, an ƙidaya mushe, an ƙidaya buhunan agaji, amma ba wanda ya ƙidaya ɓarnar da aka yi a zukata. Bafulatanin da garkensa ya ƙare ya rasa abincinsa da mutuncinsa da sadakin ɗansa a lokaci guda. Dillalin da ya tsaya wa baƙo aka bar shi da bashi. Magidancin da ya kasa fid da cefane ya koma tagumi, ba barci, ga saurin fushi, har wani auren ya mutu. A da mukan ce tunani ne ya yi masa yawa, ko kuwa iska ce. Yau likitoci na kiran irin wannan ciwon damuwa, kuma yana da magani.

Akwai waɗanda muka manta da su, wato masu ɗaukar kukan jama'a. Malamin dabbobi yana bin ruga-ruga da allura, ya tarar an makara. Malamar asibiti tana auna yara masu tamowa daga safe har yamma. Liman da malamin zaure kowa na kawo musu kuka, alhali su ma rumbunsu wayam. Masana sun tabbatar cewa mai sauraren baƙin cikin mutane kullum yana kwasar rabonsa: gajiyar da hutu ba ya kawar da ita, da munanan mafarkai, da bushewar zuciya. Kunya kuma ta hana su faɗa, don wai namiji ba ya kuka.

An shelanta kawar da bushiya daga duniya a 2011, amma masifa ba ta ƙare ba. Ambaliya ta yi ɓarna a Yobe a 2022, madatsar Alau ta ɓalle ta cinye Maiduguri a Satumbar 2024. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin ta 1958, kuma akwai asibitin tarayya na wannan fanni a Maiduguri.

Saboda haka idan mun kai hatsi da tabarma, mu zauna mu saurari mutum. Wanda damuwarsa ta daɗe, mu raka shi asibiti, a haɗa addu'a da magani. Malamanmu da ma'aikatan jinya kuma mu riƙa tambayarsu lafiyarsu. Allah Ya kiyaye mu, amin.