Tarihin Daɓe A Ƙasar Zazzau

In aka tambayi ɗan makaranta wa ke gina ɗaki, nan da nan sai ya ce magini. Gaskiya ne, amma da saura. A zamanin kakanninmu magini bango ya ke tayarwa, ya ɗaura baka, ya jera azara, ya yi rufi, sa'an nan ya sauko ya karɓi ladansa ya tafi. Wurin da za a taka, a shimfiɗa tabarma, a yi salla, a kwantar da jariri, wannan ba ruwansa da shi. Aikin mata ne, sunansa daɓe. Yau kuwa, a Cikaji da sauran unguwannin Sabon Gari da Samaru, namiji za ku gani durƙushe a tsakar ɗaki, da cokalin gini da zare, yana jera tayil, a biya shi bisa awo. Yadda aikin nan ya fita daga hannun waɗancan ya koma hannun wannan, shi ne abin da za mu ba ku labari.

Gini a birnin Zariya sana'a ce ta gado, har da sarautarta, watau Sarkin Magina. Wanda ya fi kowa suna cikinsu shi ne Babban Gwani Malam Mika'ilu, wanda ya gina Masallacin Juma'a a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Har yanzu akwai unguwa cikin birni da a ke kira Babban Gwani. Masu daɓe kuwa, tun da ba su da sarauta, ba su kuma hau bango kowa ya hange su ba, tarihi bai riƙe sunayensu ba. Amma kada wannan ya sa ku zaci aikin nasu na ganin dama ne. Yana da ƙa'ida, wadda in aka kuskure ta ɗakin ba ya kai damina biyu.

Da fari a kan share ɗakin, a cike ramuka, a daidaita ƙasa. Sa'an nan a kawo burji, watau jar tsakuwan nan da a ke haƙowa inda marmara ta ke, a baza, a yayyafa ruwa, a bar shi ya jiƙa. In ruwa ya yi yawa sai ya zama taɓo, madaɓi ya riƙa liƙewa. In ya yi kaɗan tsakuwa ba ta kama juna. Sanin tsakanin nan shi ne gwaninta, tsofaffi ne kuwa ke da shi, da tafin hannu su ke ganewa. Madaɓi itace ne mai nauyi, mai faɗin ciki, da mariƙi, masassaƙa ke yinsa. Mata su kan jeru a durƙushe ko a sunkuye, kowace da nata, su yi ta bugu tare, suna matsawa kaɗan kaɗan, har su kai bango su komo. Ba a gamawa rana ɗaya. A kan bari ya sha iska, in ya fara tsagewa a sake yayyafi a sake bugu, har tsagar ta haɗe.

Bayan wannan sai makuba, nan ne kuwa asirin ya ke. Kun san ɗorawa. Garinta a sha, kalwarta a yi daddawa, to, ɓawon da ya rage shi ne a ke jiƙawa ko a dafa, har ruwan ya yi duhu. Wannan ruwa a ke shafa wa daɓe, a bari ya tsotse, a ƙara. Sai ku ga ƙasa ta yi ja-ja baƙi-baƙi, ta yi tauri, tana ƙyalli, ruwa ya zuba a kanta bai nutse ba. Dalili kuwa, cikin ɓawon akwai wani abu mai bauri, wanda masana ke kira tanin, irin wanda ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita. Jar ƙasa kuma, ƙarfen da ke cikinta ne ya sa ta ja. In baurin nan ya gamu da ƙarfe sai launi ya yi duhu. Da irin wannan haɗi ne mutanen Turai suka daɗe suna yin tawadar rubutu. Ashe tsohuwar da ke dafa makuba a bayan ɗaki, da malamin da ke haɗa magunguna cikin kwalabe, hanyarsu ɗaya, ita dai ba ta ba abin suna ba ne.

Maza ma suna da nasu haɗi, laso, amma na rufin soro ne da bango da rijiyoyin marina. Katsi a ke samowa daga marina, a ƙona, a daka, a cuɗa da gashin da majema suka kankare da ruwan dafara.

Daɓe ba aikin mutum ɗaya ba ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ya fi yawa da rani, lokacin gini da bukukuwa, musamman in za a kawo amarya. Sai a gayyaci dangi da maƙwabta da ƙawaye, a dafa abinci, a dama fura, a raba goro. Galibi ladan ke nan, sai kuma bashin da ke kan uwar ɗaki, ran da aka kira ta ita ma ta ɗauki madaɓinta ta tafi. Suna yi suna waƙa, ɗaya na bayarwa saura na amshi, har waƙoƙin daɓe suka zama wani kashi na kansu cikin waƙoƙin aiki na mata, tare da na niƙa da na daka. Waƙar ba don nishaɗi kaɗai ba ce. Ita ke sa madaɓai su sauka lokaci guda, ƙasa ta danne daidai. Cikinta ne kuma a kan soka wa kishiya ko rowar miji magana, ba mai cewa don me.

Jera abin da aka gasa a wuta a ƙasan gida ma ba baƙon abu ba ne ga baƙar fata. A Ile-Ife, ƙasar Yarbawa, an tono farfajiyoyi da aka shimfiɗe da tsingaro, an kafa shi a kan gefensa, layi layi kamar ƙayar kifi, tun wajen shekara 600 zuwa 800 da suka wuce. Mutanen garin na danganta aikin ga wata sarauniyarsu, Luwo. An kuma tarar da irinsa a Daima, ƙasar Barno, da aka yi tono a 1965 da 1966.

To, me ya sauya al'amari a Zariya? Jirgin ƙasa. A 1911 hanyar jirgi ta iso, aka kafa Sabon Gari a ƙetaren Kubanni don ma'aikatan jirgi da 'yan kasuwa baƙi. A 1922 kuma aka kafa ma'aikatar gona a Samaru. Tasha da kantuna da ofisoshi da gidajen ma'aikata duka ana bukatarsu da gaggawa, bisa tsarin takarda. Jirgi ya kawo kwanon rufi, ya kawo siminti cikin ganguna daga Ingila, ya kuma kawo birkiloli daga Ikko da sauran garuruwan Kudu. 'Yan ƙasa suka fara da lebura, suna ɗaukar kwanon sarki, suna kwaɓa yashi, har suka koya. Siminti ba ya jiran gayya, in an kwaɓa shi sai a shafe kafin ya daskare, kuma saye a ke yi. Abin da a ke saye da kuɗi, a shafa da cokali, sai ya zama na mai sana'a. Tun daga nan ƙasan ɗaki ya shiga lissafin birkila.

Da aka fara yin siminti a Nijeriya, a Nkalagu a 1957, a Sakkwato a 1967, a Ashaka a 1979, sai ya shiga har cikin birni da ƙauyuka. Masallacin Babban Gwani kansa, cikin shekarun 1970 aka kewaye shi da sabon gini na siminti. Daga baya masu hali suka yi yayin tarazo, sa'an nan tayil ya zo daga Italiya da Sifen da Sin, har aka kafa masana'antarsa a Ajakuta.

Mai sa tayil shi ma ba a banza ya ke cin kuɗinsa ba. Yaro kan yi shekaru wurin maigidansa, yana kwaɓi, yana jiƙa tayil, yana goge siminti, kafin a yarda ya aza ko guda. Sai an ja zare, an duba ma'auni mai ruwa, an karkata ƙasan makewayi wajen rariya. A aza, a bubbuga da gudumar roba, a saurara. In ya yi ƙarar ganga, akwai rami a ƙasa, wata rana ƙafar gado za ta fasa shi. Yini ya ke a kan gwiwa, ga ƙurar injin yanka mai cutar ƙirji, ga siminti mai cin hannu. Shi kaɗai da yaronsa, ba mai yi masa amshi.

Mu dai a ganinmu kowane da ranarsa. Tayil ya fi sauƙin wankewa, ba ya kuma ba ƙuma wurin ɓuya, kamar yadda tsohon daɓe ke yi in an bar shi ya farfashe. Amma yana da santsi in ya jiƙe, da hunturu kuwa ba ya takuwa sai da takalmi. In guda ya fashe sai an nemo mai sana'a, a kuma bi kantuna neman irinsa, sau da yawa a tarar an daina kawowa. Daɓe in ya tsage, uwar ɗaki da kanta ke cikewa da burji, ta buga, ta shafa makuba. Cikin 'yan shekarun nan ma injiniyoyi a jami'o'in Nijeriya sun gwada kwaɓa jar ƙasa da ruwan ɓawon ɗorawa, suka buga tubali da ita, suka danna shi da injin awo, suka tarar ya fi wanda aka kwaɓa da ruwa zalla ƙarfi.