Bindiga iri biyu: dokar makamai da tarihin Damagaram

A duk inda ake gardamar hana bindigogin yaƙi, ko a Amurka, inda dokar 1994 ta ƙare a 2004, ko a Ostareliya, inda gwamnati ta saye bindigogi wajen 650,000 daga hannun jama'a bayan 1996, aikin farko shi ne raba bindiga gida biyu: wadda aka yarda talaka ya riƙe da wadda aka hana shi. A wannan ɗan rubutu muna so mu nuna cewa Damagaram ta san wannan rabo tun ƙarni na 19, kuma ba ita ta yi shi ba.

Kalmomin kansu suna nuna hanyar da makamin ya biyo. "Bindiga", "albarushi" da "harsashi" duka aro ne daga Larabci, wato ta Sahara suka shigo, tare da ayarin Tarabulus. Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, shi ne ya mai da bindiga ginshiƙin sarauta: ya sayo ta da yawa, ya sa ana haɗa albarushi ana kuma ƙera igwa a cikin Zinder. Amma bindiga a lokacin kayan fada ce. Rundunar da ake kira 'yan bindiga yawancinsu bayin sarki ne. Abin lura ga mai nazarin harshe, yau kalmar nan ɓarayin daji take nufi.

A ranar 2 ga Yuli 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu kan yarjejeniyar Burusel. Ta hana sayar wa mutanen Afirka bindigogin zamani tsakanin digiri 20 na arewa da digiri 22 na kudu, ta bar musu bindiga mai ƙanƙara, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Hujjar da aka bayar ita ce kashe cinikin bayi, kuma gaskiya ne Damagaram ta ci wannan kasuwa ƙwarai. Sai dai dokar ba ta shafi sojan waɗanda suka rubuta ta ba. Bayan kisan kyaftin Cazemajou a Zinder a 1898, rundunar Faransa ta gamu da ta Sarki Amadu Kuran Daga a Tirmini a watan Yuli 1899. Yawan mutane yana wajen sarki, bindiga mai saurin ɗuri tana wajen Nasara, kuma yini guda ya isa.

Nijar mai 'yanci ta koma kan batun bayan tawayen arewa. An kafa hukumar tattara haramtattun makamai, CNCCAI, a 1994, sannan a ranar 25 ga Satumba 2000 aka ƙone makamai sama da dubu a Agadas. A N'Gigmi an gwada wata dabara dabam da ta Ostareliya: maimakon a biya mutum kuɗin bindigarsa, sai a yi wa garinsu aikin raya ƙasa. A ganinmu akwai hikima a nan, domin inda iyaka take a buɗe, kuɗin tsohuwar bindiga yana iya sayo sabuwa daga Libiya. Duk da haka makiyayi ko manomi ba ya miƙa makaminsa sai ya tabbata wanda ya karɓa zai tsare shi da garkensa.