Ɓaunar Amurka da Kifin Shak Mai Shan Hantsi

A farkon ƙarni na 19, ɓaunayen Amurka sun kai miliyoyi a makiyayar Arewacin Amurka. Kafin 1889 ta cika, ba su fi dubu ɗaya da 'yan kai ba, bisa ƙidayar masanin dabbobi William Hornaday. Fatunsu ake nema, domin masana'antu na yin ɗamarar juya injuna da su, jirgin ƙasa kuma ya sauƙaƙa jigila. Gwamnati ta kau da kai: a 1874 majalisa ta zartar da dokar kare su, Shugaba Grant ya ƙi sa hannu. Ƙarewar ɓauna karya ƙashin bayan ƙabilun asali ce, waɗanda ci da suturarsu suka rataya a kanta.

A gaɓar tekun yammacin Kanada, wata halitta ta gamu da makamancin wannan. Kifin shak ne na biyu a girma cikin kifayen duniya, wanda ake wa laƙabi da mai shan hantsi saboda yadda yake yawo a saman ruwa da baki buɗe. Ba ya cin mutum. Ƙananan halittun ruwa yake tacewa. Laifinsa kaɗai shi ne sarƙewa cikin tarun masu kamun kifin salmon. A 1949 hukumar kamun kifi ta ayyana shi mabarnaci, daga 1955 zuwa 1969 kuma jirginta Comox Post, wanda aka ɗaura wa wuƙa a goshi, ya riƙa tsarga su gida biyu. An rubuta kisan 413.

Daga nan hanyoyinsu suka rabu. Ɓauna ta samu masu tsaya mata: an kafa ƙungiyar kare ta a 1905, a 1907 aka ɗauki 15 daga gidan namun dajin Bronx zuwa Oklahoma. Saniyarta tana iya haihuwa kusan kowace shekara, ana iya kewaye ta da shinge, a ƙirga ta. Yau sun kai ɗaruruwan dubbai, ko da yake akasarinsu na kiwo ne.

Shak kuwa jinkirin girma da haihuwa gare shi, teku kuma ba ya shingewa. Sai a 2010 Kanada ta sa shi cikin halittun da doka ta kare daga ƙarewa, shekara 41 bayan ajiye wuƙar. A mashigin Barkley, inda da suke cika ruwa, ganin ko guda ɗaya yanzu labari ne.